Kwana biyar da wani shagon nutso a Dahab

Tun da na dawo Kaduna nake shan tsiya a majalisarmu ta Unguwar Rimi. Wani dattijo da muke kira Baffa cewa ya yi, "Kai yanzu fisabilillahi, kogin Kaduna ma ba ka taɓa tsoma ƙafa ba, shi ne ka kwashi kuɗi ka tafi Masar shiga teku?" Na ce, "Baffa, ai na nan kada ne a ciki, ga shi ba a ganin ko tafin hannu." Aka yi dariya aka wuce. Amma mutum uku sun biyo ni daga baya suna tambayar wurin da na je da shagon da na yi hulɗa da shi, shi ya sa na zauna na rubuta. Sunan shagon ba zan sa a nan ba, tunda akwai inda zan ɗan taɓa su.

Dahab ƙaramin gari ne a yankin Sinai, a bakin mashigin tekun Aƙaba, tafiyar awa ɗaya da ɗan wani abu a mota daga Sharm el-Sheikh. Na hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja, daga can jirgin sama zuwa Alƙahira, na kwana wajen ƙanena da ke karatu, sannan na ƙarasa. Abin da ya ja ni garin shi ne kusan duk nutsonsu daga gaɓa ake yi. Ba ruwanka da jirgin ruwa, balle jiri da amai. A kai ku bakin teku a akori-kura, a shimfiɗa tabarma, ka haɗa kayanka, ka goya silindar iskar da za ka shaƙa a ƙarƙashin ruwa, ka taka da ƙafarka ka shiga.

Jin haka sai ka ɗauka abu ne mai sauƙi. Ni ma haka na ɗauka.

Ranar farko, kafin su karɓi ko sisi, sai da suka nemi katin shaidata na PADI, ƙungiyar da ke horar da masu nutso, da littafin da nake rubuta nutson da na yi. Ina da mataki na biyu, wanda ya ba ni damar kaiwa mita 30, amma na kusa shekara ban shiga ruwa ba. Jagoran da shagon ya haɗa ni da shi ya ce to sai an gwada ni a Lighthouse tukuna, wurin da ke tsakiyar gari, mai sauƙin shiga. Raina ya ɗan sosu. Da muka shiga kuwa na gane gaskiyarsa, don darmar da na ɗaura a ƙugu ta yi mini yawa, ina ta kai gwiwa ƙasa kamar mai neman gafara. Ya rage mini kilo 2. A ranar kuma ya tambayi lokacin tashin jirgina ya rubuta a allo, domin wanda ya jera kwanaki yana nutso sai ya huta aƙalla awa 18 kafin ya hau jirgin sama.

Inda suka saye ni shi ne rana ta uku. An tsara za mu Eel Garden, wani wurin nutso da ya samo sunansa daga wasu kifaye masu kama da maciji. Mun sauke kaya, na riga na sa rigar roba har wuya, sai na ga mutumin ya tsaya a kan dutse, hannu a ƙugu, yana kallon ruwa kusan minti goma bai ce uffan ba. Can ya kira ni ya nuna mini 'yar siririyar hanyar da ake bi tsakanin duwatsun murjani. Iskar arewa ta taso, igiyar ruwa na dukan bakin hanyar, teku kuma ta fara janyewa. Ya ce shiga za mu iya, amma in lissafa yadda wurin zai zama bayan minti hamsin, lokacin da za mu fito a gajiye da kaya a baya, ruwa ya ƙara raguwa, ga bushiyar ruwa maƙale a kowane rami. Muka mayar da kaya mota muka nufi kudancin gari, inda iskar ba ta kai haka ba. Kwana biyu bayan nan ya dawo da mu lokacin cikar teku. Kifayen nan dogaye sirara sun fito daga yashi sun miƙe reras kamar gero ya yi sati biyu da tsira, kana matsowa suna lumewa ɗaya bayan ɗaya.

Kullum kafin a shiga sai ya zana taswirar wurin a ƙasa da tsinke: ga mashiga, ga inda za a juya, ga alamar da za ka gane mafita daga ƙarƙashin ruwa. Wannan na ƙarshen ya fi komai amfani, domin daga ƙasa duk bangon murjani kama ɗaya yake yi maka. Silinda mai lita 12 ce, a cike bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsin iskar da ke ciki). In ta kai rabi ka yi masa alama, kuma so yake ka taka gaɓa da bar 50 a hannu. Tsayuwar minti 3 a mita 5 kafin fitowa bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa a kanta ba.

Blue Hole kuwa, wani rami mai zurfi a cikin teku dab da gaɓa wanda kowa ke tambaya, ta wata mashiga da ake kira Bells muka shiga. Za ka ɗan taka da kaya a baya, ka wuce allunan da aka manna a jikin dutse na tunawa da waɗanda suka rasu a wurin. Yawancinsu wata ƙofa ce a bangon ramin, a zurfin kusan mita 55, ta ja su, alhali iyakar mai nutson nishaɗi mita 40 ce. Jikina ya yi sanyi, na yi addu'ata. Mashigar tsaga ce a dutse, mutum ɗaya take ci, ka sulala ƙasa kamar mai shiga rijiya, silinda na ƙwanƙwasar bango, ka ɓulla wajen mita 26 sai ga shuɗin ruwa ba iyaka. Muka bi bango yana hannun dama, muka haura ta wani ɗan tudu mai zurfin mita 7 muka faɗa cikin ramin. Jagoran bai bar kowa ya gota shi zuwa ƙasa ba.

To, sai laifinsu. Takalmin roba da suka ba ni haya ya sha jiki, tafin ya siɗe, na zame a kan dutse a wani wurin nutso da ake kira Canyon na ƙuje gwiwa. A nutson gaɓa takalmi ba abin wasa ba ne. In za ka je, sayi naka mai kaurin tafi. Bututun shaƙar da aka fara ba ni yana ɗan tsiyayar iska, sai da na yi magana sau biyu aka canza. Kuɗin shiga yankin Blue Hole ba ya cikin farashin da suka turo mini ta WhatsApp, sai a bakin shinge na ji. Direban kuma in ya ce ƙarfe takwas, ka sha shayinka a nutse.

Wanda bai taɓa nutso ba, suna koyarwa daga farko, kwana uku zuwa huɗu, amma ka fara iya iyo tun a gida, don za a sa ka yi mita 200 ba tsayawa. Ni dai zan koma wurinsu, in Allah Ya kai mu, da takalmina a jaka. Ƙanena ya ce, "Yaya, wannan karon da ni za a je." Hajiya ba ta sani ba tukuna.