Gargaɗi: ɗan kwangilar da ya yaye mana rufi ya gudu da naira miliyan 4 da dubu 200

Jama'a, naira miliyan 4 da dubu 200 wani mutum ya cinye min, kuma har yanzu da nake wannan rubutu leda ce a saman ɗakin mahaifiyata. Na daɗe ina haɗiye maganar saboda kunya. Yau na gaji.

Gidan mahaifinmu ne a nan Kano, ginin bulo marar bene, ɗaki uku da zaure, tun ina yaro aka gina shi. Yara sun tasa, maza da mata ba za su ci gaba da kwana ɗaki ɗaya ba, ga Hajiya, ga mai ɗakina da tsohon ciki. Niyyata in ƙara ɗaki biyu da banɗaki a tsakar gida, shi ke nan. Ɗan kwangilar ne ya kawo maganar bene. Wai me zai sa in cinye tsakar gida, ai fandishon mutanen da ya fi na yanzu ƙarfi, a yaye kwano, a zuba dekin, a ɗora ɗakuna a sama.

Kada wani ya ce ban yi bincike ba. Na yi. A masallacin unguwarmu na san shi, sahu ɗaya muke sallah. Ya ɗauke ni a mashin ɗinsa ya kai ni wani gida mai bene da ya ce shi ya gina, maigadin ya taso da gudu yana cewa "Injiniya, barka da zuwa." Wa zai ga haka ya yi zargi? Ranar farko na miƙa masa dubu 50 na mai, ya ture hannuna ya ce, "Haba Alhaji, sai ka ga aikina tukuna." Wallahi wannan ture hannun shi ya kashe ni. Kullum dare sai na sake ganin hannun nan yana ture kuɗin.

Lokacin kuwa farkon 2024 ne, buhun siminti ya haura dubu 10, kowa a tsorace yake. Ya ce idan ban sayi kaya yanzu ba gobe sai na biya ninki. Na tura masa miliyan 2 da rabi. Ya kai ni Ƙofar Ruwa ya nuna min tulin rodi, ya kai ni wani shago ya nuna min siminti har rufi, ya ce duk nawa ne, ajiya aka yi. Mai shagon ma ya gaishe mu. Daga baya da na koma, mai shagon ya ce min buhu 20 kacal mutumin ya saya, sauran ba na kowa ba ne, hajarsa ce.

Sai miliyan 1 da dubu 200 na tsakuwa da yashi da katakon dekin. Wannan bayan ƙaramar sallah ne. A'a, kafin sallah, don na tuna muna azumi mai ɗakina ta cire sarƙarta da ɗankunne ta ba ni na sayar. Dubu 500 na ƙarshe shi ne bayan sallah, wai na takardar izini a hukumar tsara birane. Da na je da kaina babu ko fayil da sunana, bai taɓa zuwa ba. Ku haɗa ku gani, miliyan 4 da dubu 200.

Abin da ya yi a gidan kuwa: ya yaye kwanon ɗaki biyu, ya kwashe kwanon da katakon ya ce zai sayar ya rage min kuɗin aiki, ya kawo tifa ɗaya ta yashi, ya tsayar da ginshiƙi huɗu. Daga nan waya a kashe. Ruwan farko da aka yi, katifar Hajiya da akwatin kayanta duk suka jiƙe, tsohuwa ta koma kwana a zaure. Wani dattijon birkila da na kira ya tona gefen bango ya ce fandishon bai kai ya ɗauki bene ba ko kusa, rodin ginshiƙan kuma mai lamba 10 ne, ba 16 da muka yi magana ba. Ya ce da an zuba dekin ɗin nan, a kan yarana zai faɗo. Maigadin gidan benen nan kuma dubu 2 ɗan kwangilar yake ba shi duk ranar da ya kawo baƙo, da bakinsa ya faɗa min. Mu huɗu ne yanzu da ya cuta muka gano juna.

Kada ku ba magini kuɗin kaya, ku saya da kanku a sauke a ƙofarku. Kada a taɓa rufinku sai kaya sun cika. Maganar bene a tsohon gida, ku kira wani daban ya tona fandisho.

Maganar tana hannun 'yan sanda, shi ya sa ban faɗi sunansa ba. Amma shaidar banki ta duk kuɗin da na tura, da saƙonninsa na WhatsApp, da hoton ɗakin Hajiya, duk suna wayata, zan ɗora su. Ban yafe ba, Allah ya isa.