Zanen pop na falo: takarda a bayan gilashi ko bugun kanbas?

'Yar'uwa, kin ce kina son rataya zanen pop a falo, kin tarar da iri biyu a kasuwa: na takarda da aka yi wa firam da gilashi, da wanda aka buga a kan kyallen kanbas. Ni dai na takarda zan ce ki ɗauka.

Wannan salo da ya taso a Ingila da Amurka cikin shekarun 1950 zuwa 1960, ƙarfinsa duk a launi yake: ja jawur, rawaya, shuɗi, sai baƙin layi mai kauri. Ki duba Whaam! na Roy Lichtenstein, na 1963, wanda ke gidan adana zane-zane na Tate a Landan. Faɗinsa ya kai mita 4, kuma cike yake da ɗigo-ɗigo irin na bugun jarida. In aka ƙanƙance shi don bangon ɗaki, ɗigon nan sai su koma kamar ƙwayar gero. Takarda mai santsi tana fito da su tsaf. Saƙar kanbas kuwa haɗiye su take yi, sai ki ga hoton dishi-dishi, alhali don ɗigon kika saya.

Kanbas ma yana da nasa alherin. Ba shi da nauyi, ba ya ƙyalli in hasken fitila ya doke shi, kuma babu gilashin da yara za su fasa da ƙwallo. Sai dai da hunturu ƙura tana shigewa cikin saƙar, ga shi ba a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Gilashi kuwa shafa ɗaya ya wadatar. Abin da ke cutar takarda shi ne danshin damina: tana kumbura ta manne wa gilashin. Maganinsa ki sa mai firam ya zagaya ta da kwali mai kauri don kada su haɗu. Rana kuma ba ta barin kowannensu, don haka kada ki rataya a bangon da ke fuskantar taga.

Wajen kuɗi, mai firam da gilashi in daga waje za a turo shi, kuɗin dakonsa yana iya fin na hoton, kuma ba lallai ya iso lafiya ba. Gara ki sayi takardar a nannaɗe, ki kai wa mai firam a garinku. Shagunan MoMA (gidan adana zane-zane a New York) da Tate suna sayar da bugu mai izini, launinsa ya fi kusa da na asali. Wanda duk ya ce miki nasa “na asali” ne, ki yi murmushi kawai: zanen 'yar fim Marilyn Monroe ɗaya na Andy Warhol dala miliyan 195 aka saye shi a gwanjon Christie's a 2022.

In kuma maigida ba ya son hoton mai rai a bango, kamar gidaje da yawa a wajenmu, Warhol ɗin yana da zanen gwangwanayen miyar Campbell's guda 32 na 1962, da furanninsa na 1964. Furannin, da yake launinsu manya-manya ne, su kam ko a kanbas suna yin kyau.