Hattara da gwanjon bogi na motocin haɗawa a Facebook da Instagram

Jama'a, wannan gargaɗi ne ga 'yan'uwa masu sha'awar haɗa ƙananan motocin roba, irin waɗanda ke zuwa gunduwa-gunduwa a cikin kwali, mutum ya yanko sassan, ya manna da gam, ya yi fenti da hannunsa. Akwai 'yan damfara da suka daɗe suna sa talla a Facebook da Instagram cewa wai wani babban shago ne zai rufe, don haka yake karyar da kayansa. Za ka ga hoton kwalaye jibge har rufin ɗaki, ga tambarin kamfanonin da ke yin motocin, kamar na Tamiya mai taurari biyu, ko na Revell, ko na Aoshima. An rubuta ragin kashi 80 ko 90 cikin ɗari, aikowa kyauta, kuma wai saura 'yan awoyi a rufe. Babu shagon, babu kwalayen. Hotunan ma na wasu ne aka kwaso, galibi daga shagunan gaskiya ko daga ɗakunan masu tara irin waɗannan kaya.

Mu da ke wannan yanki mun fi kowa sauƙin faɗawa. Wanda ke Tokyo ko Landan zai iya shiga shago ya ɗauki kwali ya juya shi ya ga farashi. A Kano ko Kaduna ko Damagaram kuwa da wuya ka samu mai sayar da su, sai dai oda daga waje, ga tsadar dala, ga kuɗin aikowa da wani lokaci yakan kamo kuɗin kayan. Yawancinmu kuma daga motar kara da ta gwangwani muka taso, sha'awar tana nan, hanyar ce babu. To mutum na cikin wannan hali ya ga Nissan Skyline a dala biyar, ai sai hannu ya riga hankali.

Farashin shi ne abu na farko da ke tona musu asiri. Motar Tamiya mai ma'aunin 1/24, wato wadda aka rage girman motar gaske sau 24, takan kama daga wajen dala 25 zuwa 60 a shagunan waje, ya danganta da irin motar. Akwai dalilin hakan. Kowace mota sai an sassaƙa mata mazubin ƙarfe da ake ɗura narkakkiyar roba a ciki, aiki ne mai cin kuɗi sosai, sannan kamfanin yana biyan Toyota ko Porsche ko Nissan kuɗin izinin amfani da suna da siffar motarsu, shi ya sa kake ganin bayanin lasisi a gefen kwali. Ƙari a kan haka, wannan kaya ba tumatir ba ne da zai ruɓe idan ya kwana. Kwalin da aka daina bugawa daraja yake ƙarawa, masu tarawa na nemansa ido rufe. Ɗan kasuwar da zai rufe shago da gaske yana da masu saye a sari da za su kwashe masa kayan cikin mako guda, ba shi da dalilin biyan kuɗin talla don ya sayar maka da motar dala 40 a kan dala 5, kuma ya ɗauki nauyin kawo maka ita har Afirka. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Inda suka fi wayo shi ne bayan ka biya. Da a ce shiru kawai za su yi, da da sauƙi, sai ka kai ƙara cewa kaya bai iso ba. Amma sai su turo maka lambar bin sawun kaya, kuma lambar tana aiki. Kana dubawa za ka ga ƙunshi ya bar China, ya shiga jirgi, ya sauka. Bayan makonni sai ɗan ambulan ya iso, a ciki ƙaramar motar ƙarfe ta yara, ko zoben roba, ko abin rataya makulli. Lissafin a bayyane yake: motar da tsawonta ya kai mita huɗu da rabi, idan aka rage ta zuwa 1/24 takan kusan santimita 19, kwalinta kuma ya kai santimita 30. Abin da suke aikowa, in ma mota ce, irin ta 1/64 ce, santimita 7 kacal. Wannan tarkacen ba kuskure ba ne, shi ne shaidarsu. Idan ka yi ƙorafi wurin PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, ko banki cewa ba ka karɓi komai ba, sai su miƙa lambar da ke nuna an kai kaya, ƙararka ta faɗi. Wasu ma ba sa wahalar aiko komai, lambar ƙunshin wani mutum dabam da aka kai garinku suke samowa su ba ka.

Daga nan sai a shiga jan lokaci. Saƙonsu cike da ladabi da ban haƙuri, wai ma'aikacin sito ne ya yi kuskure. Za su ce ka riƙe abin da aka aiko, su mayar maka da kashi 10 na kuɗinka. Ka ƙi, su ce kashi 30. Ka dage, su ce to ka mayar da kayan China da kuɗinka, wanda ya fi abin da ka biya. Duk wannan don wa'adi ya wuce ne. PayPal na ba da kwana 180 daga ranar biya don shigar da ƙorafin rashin isowar kaya, kuma idan ka buɗe ƙorafin, kwana 20 kake da su ka ɗaga shi zuwa cikakkiyar ƙara, in ba haka ba ya rufe da kansa, kuma ba a sake buɗewa. Sun fi ka sanin waɗannan ranaku.

Gane shafin bogi ba ya buƙatar wani ilimi mai zurfi. Dubi adireshin da kyau. Na Tamiya shi ne tamiya.com, na reshensu na Amurka kuma tamiyausa.com. Na 'yan damfara kan ɗauki sunan kamfanin su liƙa masa wata kalma, su ƙare da .shop ko .top ko makamancinsu. Sa adireshin a manhajar WHOIS ka ga ranar da aka yi masa rajista. Shagon da ke kukan zai rufe bayan shekara talatin yana ciniki, sai ka tarar shafinsa bai yi wata biyu ba. Ɗauki hoton tallan ka sa a Google Lens, sau da yawa zai kai ka wurin mai hoton na asali. Sannan kowane kwali na da lambarsa. Motocin Tamiya na 1/24 galibi lambobinsu na farawa da 24, misali Skyline GT-R ita ce 24090, Toyota Supra kuma 24123. A shafin Scalemates kana iya sa lambar ka ga zanen kwalin, shekarar da ya fito, har da takardar umarnin haɗawa. 'Yan damfara ba su san kayan ba, shi ya sa za ka ga hoton mota ɗaya, sunan wata, lambar wata, ko a sa motar da aka riga aka haɗa aka yi wa fenti a ce ita ce a cikin kwalin.

Wata alamar da masu sana'ar kaɗai ke lura da ita: fentin feshi na gwangwani da ruwan gam mai narkar da roba abubuwa ne masu kama wuta, gidajen waya ba sa yarda a sa su a jirgin sama kamar sauran kaya. Shagunan ƙwarai sukan gaya maka kai tsaye ba za su iya aiko maka da su ƙasar waje ba. Duk wanda ya yi maka alƙawarin gwangwani goma na feshi kyauta a kan kowace mota, bai taɓa aika ko ɗaya ba.

A nan zan ɗan kare wasu masu sayarwa na gaskiya da ake zargi a banza. Idan ka ga kwalin Tamiya an rubuta an yi shi a Filifin, ba jabu ba ne. Kamfanin na yankin Shizuoka ne a Japan, inda kamfanonin Aoshima da Hasegawa da Fujimi su ma suke, amma yana da masana'anta a Cebu da ke buga kayansa da yawa. Haka kuma idan ka ga motocin Amurka irin na kamfanonin AMT da MPC an rubuta 1/25 maimakon 1/24, ma'auninsu ke nan tun asali.

Akwai kuma damfara ta gida, wadda ta fi ciwo don da harshenka za a yi maka ita. Wani zai buɗe shafi ya ce yana haɗa oda daga Japan, kowa ya turo rabin kuɗi, kaya na zuwa nan da mako shida. Akwai masu yin haka tsakani da Allah. Na bogin za ka gane shi da cewa sunan asusun da zai ba ka dabam da sunan da yake amfani da shi, ya rufe wurin sharhi, kuma ba zai taɓa yarda da kiran bidiyo ba. Ka ce ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda, ya ɗora a kan kwalin ya ɗauka. Mai kaya a hannu minti biyu ya ishe shi. In kuma kwalin hannu ne, wato wanda wani ya taɓa buɗewa, sai ya nuna maka ledojin ciki a rufe, da gilasan motar, da tayoyi, da takardar tambarin da ake jiƙawa a ruwa, domin ita ce ke fara lalacewa, ta yi rawaya ko ta farfashe idan ta sha zafi da laima. Mota ba gilashin gaba, ko motar tsere ba tambari, asarar kuɗi ce ko da sauran sassan sun cika.

Wanda ya riga ya biya, kada ya tsaya ciniki da su. In da kati ka biya a shafin nasu, ka sa banki ya toshe katin yau ɗin nan, domin lambobinsa na hannunsu, sannan ka nemi bankin ya bi maka kuɗin ta hanyar ƙalubalantar cinikin. In ambulan ya iso, ka ɗauki bidiyo tun kafin ka buɗe, takardar da ke manne a jiki ta fito sosai, musamman inda aka rubuta nauyi, don gram 20 ba zai zama kwalin mota ba. Ƙorafin da za ka shigar shi ne an aiko abin da ba shi ka saya ba, kada ka ce bai iso ba. In tiransifa ka yi zuwa asusun gida, ka sanar da bankinka nan take, ka adana hotunan hirarku da shaidar biya, ka kai wa 'yan sanda ko EFCC. Ka kuma kai ƙarar tallan a Facebook ɗin.

Sannan ka sa ran saƙo na biyu, domin suna da lambar wayarka da adireshinka. Zai zo ta tes ko WhatsApp, wai ƙunshinka na tsare a kwastan, ka danna nan ka biya kuɗin fito, ko wai su wakilai ne masu ƙwato wa mutane kuɗinsu, ka ba da wani abu na somin-taɓi. Kada ka danna, kada ka tura ko sisi. In da gaske akwai kuɗin da za a biya a kan ƙunshi, ka taka da ƙafarka zuwa gidan waya ko ofishin kamfanin da ya ɗauko kayan, ka ga ƙunshin da idonka, ka biya a ba ka rasit.