Tuwon zafin Hajiya a Nima: ƙwaryar ta ragu, daɗin yana nan

Shekara tara ina cin tuwon zafi a wata rumfa da ke bayan kasuwar Nima a birnin Accra na Ghana. Ranar Jumma'ar da ta wuce na koma bayan sallah, na tarar bencin da a da sai ka yi layi kafin ka samu wuri, mutum uku kawai ke kai.

Miyar ayoyo ba ta canza ba. Tana da yauƙi, daddawa ta ji, ga yaji daidai. Tuwon ma laushi, ana ɗebo shi da tururinsa. Naman ne ya koma ƙanana, kuma kuɗin da a da nake ci da shi har in sayi ruwan leda, yanzu tuwon kaɗai bai kai ba.

Na ce, "Hajiya, yaya haka?" Ta ce, "Ɗana, je ka tambayi kuɗin buhun masara a kasuwa, ka tambayi gas." Ta bar gas ta koma gawayi, shi ma ya hau. Tun 2022, da hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100 a Ghana, kuɗin ƙasar, sidi, ya faɗi ƙasa, sana'ar Hajiya ba ta sake farfaɗowa ba. Yarinya ɗaya ta rage mata daga cikin ukun da ke taya ta aiki, shi ya sa sai da na jira kusan minti ashirin.

Zan ci gaba da zuwa. Idan za ku je, ku je kafin la'asar, domin yanzu tukunya ɗaya take ɗorawa.