Takardar Epworth ko gwajin MWT: wanne ya fi dacewa da direban tirela?

Malam, ka ce ƙaninka direban tirela ne, yana minshari mai ƙarfi, matarsa tana jin numfashinsa yana ɗaukewa cikin dare. Likita ya ba shi takarda mai tambayoyi takwas, ya ci maki 6, aka ce ba shi da yawan barcin rana, alhali kai da idonka ka ga yana gyangyaɗi da loma a hannu. Kana tambaya ko takardar ta isa, ko akwai awon da ya fi ta.

Takardar nan ita ce ma'aunin Epworth. Wani likita, Murray Johns, ya fitar da ita a 1991 a asibitin Epworth da ke Melbourne, ƙasar Ostareliya. Ana tambayar mutum yaya yiwuwar barci ya sace shi a yanayi takwas, kamar lokacin karatu, kallon talabijin, zama bayan cin abincin rana, ko tsayuwa a cunkoson motoci. Kowace tambaya daga 0 zuwa 3, jimla 24. Wanda ya haura 10 shi ake cewa barcinsa ya wuce ƙima. Ba ta cin kuɗi, cikin minti biyar an gama.

Matsalarta ɗaya ce, amma babba: mutum ne ke ba kansa maki. Ka ɗauki direban da ya san idan ya rubuta 3 a tambayar cunkoso, mai mota na iya karɓe makulli. Gida ga iyali, ga kuɗin makaranta. Me kake tsammanin zai rubuta? Ban ce ƙaninka ya yi ƙarya ba. Da yawa ma ba su san suna gyangyaɗin ba, don wanda ya shekara goma yana tashi a gajiye ya riga ya ɗauka haka kowa yake. Sai ka ji ya ce "ai lumshe ido kawai na yi", alhali yaron mota ya ga sitiyari ya karkata. Shi ya sa nake ganin maki mai yawa a Epworth abin dogaro ne, amma maki kaɗan daga bakin direba bai wanke shi ba. Ku ba matarsa ko yaron motarsa takardar su cike a madadinsa, ku kwatanta.

Shi kuwa MWT awo ne na iya hana kai barci, an fara amfani da shi tun 1982. Ana manna wa mutum wayoyi a ka don karanta aikin ƙwaƙwalwa, a zaunar da shi a ɗaki shiru mai ƙarancin haske, a ce ya zauna ido biyu na minti 40. Ba waƙa, ba marin fuska, ba taɓa waya. Sau huɗu ake yi a yini, tazarar awa biyu-biyu. Wanda a matsakaici barci ke kwashe shi kafin minti 8, akwai matsala ƙarara. Wanda ya cika arba'in ɗin duka sau huɗu ya nuna hujja mafi ƙarfi. A nan baki ba ya aiki, na'ura ce ke shaida. Kuma abin da yake aunawa ya yi kama da aikin direba: zama wuri guda, shiru, hanya miƙaƙƙiya. Sai dai goro da kofi na iya ɓata sakamako, shi ya sa galibi ake hana su ranar awon. Ga tsada, ga cin yini guda, kuma sai cibiyar da ke da ɗakin awon barci. Sannan ɗaki mai shiru ba titin Kaduna zuwa Abuja da ƙarfe ukun dare ba ne. Wanda ya ci gwajin bayan ya yi barci ya ƙoshi, zai iya faɗuwa a hanya idan ya kwana biyu bai runtsa ba.

Akwai na uku, MSLT, wanda aka ƙirƙiro a jami'ar Stanford ta Amurka. Shi akasin MWT ne: a kwantar da kai a ce ka yi barci, a auna saurin zuwansa. Ya fi amfani wajen gano cutar barcin farat ɗaya. Ga direban da ke son ya tsira da aikinsa bai dace sosai ba, tunda yana iya dagewa ya ƙi barcin.

Wani abin da ya fi duk wannan: babu ɗaya cikin ukun da ke gano ɗaukewar numfashin kanta. Wannan sai awon dare, inda ake ƙirga sau nawa numfashi ke tsayawa ko raguwa a awa guda. A dokar Tarayyar Turai ta 2014, sau 15 zuwa 29 a awa matsakaicin ciwo ne, 30 zuwa sama mai tsanani, kuma direban babbar mota da ke kan magani sai an sake duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara. A Faransa MWT ake nema wa irin waɗannan direbobi kafin su koma aiki.

Da ƙanina ne, awon dare zan fara nema masa duk da makin 6 ɗin nan. Idan aka tabbatar, ya fara amfani da na'urar CPAP mai hura iska ta hanci, bayan 'yan makonni a yi MWT in akwai hali. Kafin nan ya ajiye tafiyar dare.