Busy Bee ko Mary Mac's: wanne za ka fara da shi a Atlanta?

Ɗan'uwa, ka ce za ka yi 'yan kwanaki a Atlanta, kana son ɗanɗana girkin mutanen kudancin ƙasar Amurka na asali, an kuma ambata maka gidajen abinci biyu ka rasa na zaɓa. Ni dai Busy Bee zan fara tura ka.

Wata baƙar fata mai suna Lucy Jackson ce ta buɗe shi a 1947, a titin Hunter, wanda yanzu ake kira da sunan Martin Luther King. A zamanin wariyar launin fata titin yana cikin 'yan wuraren da baƙar fata ke iya kafa kasuwanci, kuma shi kansa King da abokan gwagwarmayarsa sun ci abinci a nan. Wurin ƙarami ne, layi kuwa sai haƙuri. Amma kazar ta cancanci jira: sai an jiƙa ta a ruwan gishiri da kayan ƙamshi na tsawon sa'o'i, a barbaɗe ta da fulawa, sannan a soya a man gyaɗa. Bayanta na ƙaras-ƙaras, cikinta da laushi. A 2022 gidauniyar James Beard, mai ba da lambobin yabo a fannin girki, ta karrama gidan.

Mary Mac's ya girme shi da shekara biyu, tun 1945 yake a titin Ponce de Leon. Babban gida ne mai ɗakuna da yawa, shi ya fi dacewa idan da iyali ko tawaga za ka. Akwai fensir da takarda a kan tebur, kai ne za ka rubuta abin da kake so ka miƙa. Ƙarfinsu na wajen kayan haɗi: soyayyar kuɓewa, wake, dankali mai zaƙi, taliya da cuku, burodin masara. Waken nan ma ba baƙonka ba ne, irin namu ne, daga Afirka ya je musu a zamanin cinikin bayi.

Ga inda nake so ka buɗe ido. Girkin kudu ba ya rabuwa da naman alade, har a inda ba ka zata ba. Sau da yawa da shi ake dafa ganye da wake don ɗanɗano. Romon ganyen da Mary Mac's ke ba sabon baƙo kyauta yana zuwa da burodin masara mai soyayyar fatar alade a ciki, don haka ka yi godiya ka bar shi. A ko'ina cikinsu, tambayi mai kawo abinci da me aka dafa kowane kwano, ba sa jin haushi. Idan kana kiyaye batun yanka, nemi soyayyen kifi.

In lokaci ya rage, leƙa Paschal's, shi ma na 1947 ne, can jagororin gwagwarmayar suka riƙa yin taro, ko da yake ya bar ainihin gininsa na da.