TYGS: ra'ayina kan shafin tantance sabbin bakteriyar gansakukar teku

Duk mai aiki da bakteriyar da ke manne a jikin gansakukar teku ya san inda ciwon kan yake, ka kankaro jikin Ulva (wata koriyar ciyawar teku) ko na jar ciyawar teku, ka shuka a Marine Agar 2216, wato daskararren abincin renon bakteriyar teku, bayan 'yan kwanaki faranti ya cika da ɗigo-ɗigo ruwan ɗorawa da ruwan lemo, wasu ma sun cinye agar ɗin sun yi rami a ƙarƙashinsu, to sai tambaya ta taso: wannan sabon jinsi ne ko an riga an raɗa masa suna? Nan TYGS (Type Strain Genome Server) yake shigowa, shafin intanet da ke kwatanta jinom, wato dukkan DNA ɗin ƙwayarka, da na jinsunan da aka riga aka sani. Na cibiyar DSMZ ne da ke Braunschweig a Jamus, Meier-Kolthoff da Göker suka fito da shi a 2019, kuma kyauta ne.

Amfani da shi ba wuya wallahi. Ka ɗora fayil ɗin jinom ɗinka, a tsarin FASTA ko GenBank, ka sa imel, shi ke nan, shi zai nemo samfuran asali, wato ƙwayoyin da ke wakiltar kowane jinsi mai suna, da suka fi kusa da naka ta hanya biyu, ta kwatanta jinom gaba ɗaya da kuma ta 16S, wani yankin DNA da ake gane bakteriya da shi, sannan ya turo maka sakamako. Ba sai ka iya rubuta kod ba, wanda ga ɗalibi wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne lissafin dDDH, wato ma'aunin kamannin jinom biyu a kwamfuta. Da yawa daga cikin abin da ake samu a jikin gansakuka 'yan gidan Flavobacteriaceae ne, su Zobellia, Maribacter, Cellulophaga, Formosa, kuma waɗannan 16S ɗinsu yana da yaudara sosai, za ka ga biyu sun haura kashi 98.7 na kamanni ka ɗauka abu ɗaya ne, amma da an auna jinom sai dDDH ya faɗo ƙasa da kashi 70, wato jinsi daban ne. Shafin yana ba da lissafi uku, d0 da d4 da d6, ni dai d4 nake kallo don bai damu da tsawon jinom ba, ko naka bai kammala haɗuwa ba zai ba ka abin dogaro. Sannan ga bishiyar nasaba da 'yan akwatuna masu launi a gefe, suna nuna rukunin jinsi, ƙaramin jinsi a kashi 79, yawan G+C (biyu daga haruffan DNA huɗu) da girman jinom, kallo ɗaya ka gane inda naka ya faɗa. Kuma a haɗe yake da LPSN, kundin sunayen bakteriya, sunayen da zai nuna maka na yanzu ne ba tsofaffin da aka sauya ba.

Amma fa a san iyakarsa. Da samfuran asali yake kwatantawa, alhali yawancin bakteriyar teku ba a taɓa iya shuka su a lab ba, don haka in naka daga jinom ɗin da aka tsinto cikin gaurayen DNA yake, sai ka haɗa da GTDB, rumbun jinom da ya ƙunshi har waɗanda ba a shuka ba. ANI ma, wani ma'aunin kamannin jinom, sai ka lissafa a wani wuri, masu tace maƙala kuwa suna son ganinsa, don kashi 95 zuwa 96 ne iyakar jinsi a wannan ma'auni. Kuma ba zai gaya maka ko ƙwayar tana narkar da agar ko karajinan (sinadaran jikin jar gansakuka) ba, irin abin da ya sa Zobellia galactanivorans ta yi suna tun da aka bayyana ta a 2001 daga jar gansakuka a Roscoff ta Faransa, wannan aikin benci ne a lab.

Sai kuskuren da nake gani wajen sababbin shiga, da shafin ya ce mai yiwuwa sabon jinsi ne sai a hau murna ana neman suna. Da sauran rina a kaba. Sai ka ajiye ƙwayar a ma'ajiya biyu a ƙasashe biyu, misali KCTC a Koriya da JCM a Japan, ka yi gwajin gishiri da zafi da su mayukan jikinta, sannan sunan ya fito a IJSEM, mujallar da ke tabbatar da sunayen bakteriya, ko jerin tabbatarwarta. A matsayin matakin farko dai ina ba shi huɗu da rabi cikin biyar, kawai ka tabbatar jinom ɗinka ba gauraye ba ne kafin ka ɗora.